Shekarar da Jiniya Ta Yi Shiru a Hanyar Dungas

Ina gaida duk mai bibiyar labarin nan, na kusa da na nesa. Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta rubuto mini a makon jiya, ta ce: "Hamida, duk samarin Dungas ba ki ga na so ba sai wanda kowa ke addu'ar kada motarsa ta tsaya masa a ƙofar gida?" Na karanta na yi dariya, daga baya dariyar ta ƙare na zauna ina kallon wayar. Yau zan ba ta amsa. Sai dai dole in koma baya kaɗan, don abin da ya faru jiya a tsakar gidanmu ba zai shiga kan wanda bai san bara ba.

Ƙauyenmu, Tudun Gawo, yana bakin hanyar da ta taso daga Dungas ta nufi Magarya. Gidanmu ne na ƙarshe in za ka fita, mai dangar kara, rumbu uku, da garke a baya. Baffa yana noman gero, yana kuma kiwo. Inna tana sayar da nono da man shanu ran kasuwa. Ni na yi lakkwal, wato boko, har na ci jarrabawar birebe, shi ya sa majo Isufu, shugaban asibitin yankinmu, ya ɗauke ni ina taimakawa a ɗan ɗakin shan magani na ƙauye: in auna jarirai, in zaga gidaje, in rubuta sunaye. Ina da yaya ɗaya namiji, Yunusa. Ya kamata in ce a da, amma har yau bakina bai saba ba.

Bazarar bara sanƙarau ya shigo mana. Ba wanda ya yi mana shela, jiniya ce ta gaya mana. Ambilans ɗaya ce tal a yankin nan, fara mai jan zane, wani furoje, wato ƙungiyar agaji, ya ajiye ta a Dungas, ita ke kwasar waɗanda ciwo ya yi wa tsanani a ƙauyuka ta kai su Magarya. Da farko sau ɗaya take wucewa a rana, yara su bi ta da gudu. Kafin wata ya ƙare sai ta wuce sau takwas, sau tara, yaran ma suka daina ɗaga kai. Mata a bakin rijiya in sun jiyo kukanta daga nesa sai su tsaya da guga a hannu har ta ɓace.

Ran wata Talata Yunusa ya tashi da ciwon kai. Kafin hantsi wuyansa ya ƙi juyawa, ko hasken ƙofa ba ya son gani. Baffa yana kudu da shanu, ƙetaren iyaka. Na kira lambar da ke rubuce a bangon ɗakin magani, wata murya ta ce mini motar tana hanya, a yi haƙuri. Na sake kira da azahar. Na hau tudun bayan garke inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi kamawa, na kuma kira. Sau biyu ta wuce ta ƙofar gidanmu tana kuka, ina tsaye ina ɗaga mayafi, ba ta tsaya ba. Sai bayan la'asar ta tsaya.

Ni na shiga baya tare da shi da wani ma'aikacin jinya. Ba mu kai Magarya ba. Ma'aikacin ya ƙwanƙwasa gilashin da ke tsakaninmu da shofer, wato direba, motar ta rage gudu, jiniyar ta ɗauke. Abin da nake iya tunawa shi ne yadda shofer ɗin ya juya motar a hankali kamar mai tsoron tada mai barci, da yadda ya dawo da mu gida yana kauce wa kowane rami. Ya kama aka shigar da Yunusa ɗaki. Ya tsaya a bakin danga kansa a sunkuye, sai wayarsa ta yi ƙara, ya tafi. Ban kalli fuskarsa ba. Ƙeyarsa kawai na sani.

Baffa ya iso bayan kwana uku, ya tarar da kabari. Abu ɗaya ya tambaya: yaushe aka kira, yaushe ta zo. Inna ta gaya masa. Tun daga ranar, in farar motar ta taho, sai ya juya ya fuskanci garke har ta wuce.

Sati uku bayan haka allurar rigakafi ta iso, aka ce daga ɗan shekara ɗaya har zuwa mai ashirin da tara, kowa da kowa. Na ɗauka ba zan iya fita aikin ba, amma zaman gidan ya fi mini nauyi. Kwana goma muka yi muna aikin allurar tun fitowar rana. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin babban gawon bakin rijiya, layi ya miƙe har bayan masallaci, amare da lallensu, samari suna cika baki har sai sun ga allura, 'yan mata suna ɓoye fuska suna dariya. Ni ke rubuta suna a kati in miƙa wa kowa nasa. Akwai ruga uku a dajin gabas da suka ce ba su zuwa. Baffa ya ɗaura wa shanun noma amalanke, ya ɗora akwatin sanyi da ake ajiye allurar, ya ce mu hau. Da muka isa ya naɗe hannun rigarsa a gaban mutanen rugar ya ce a fara da shi. Majo ya ce masa shekarunsa sun wuce. Ya ce to a fara da 'yarsa, ita kaɗai ta rage masa. A nan aka yi mini tawa, a gaban kowa, kuma ba a bar ko yaro ɗaya a rugagen nan ba.

A rana ta huɗu da fara allurar na ga fuskar mai ƙeyar. Motar furoje da ke kawo mana akwatunan sanyi ta lalace, aka ba ambilans ta sauke mana a kan hanyarta. Ya sauko, dogo, baƙi, mai wushirya, idanunsa jajur don rashin barci, rigarsa mai ruwan toka duk ta manne da gumi. Ya ajiye akwatin a inuwa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Ke ce ƙanwar Yunusa," ya ce.

Wallahi abin da ya fara taɓa ni ke nan, cewa ya riƙe sunan. Mutum nawa ya ɗauka a watan nan, amma ya riƙe sunan.

"Na zo a makare ran nan."

Na tambaye shi ina yake tun safe. Ya ce Guci, yara biyu. Daga nan wajen Dogo-Dogo, mace da ɗanta. Ya ce duk wucewar da ya yi ya gan ni tsaye da mayafina, amma babu inda zai sa mutum, har a ƙasan motar akwai na kwance. Na tambaye shi ko sun rayu. Ya ce uku sun rayu. Sai na ji bakina yana tambayarsa ko an yi masa allura. Ya yi murmushin kunya ya ce bai sami sarari ba. Na nuna masa benci. Da hannuna na rubuta katinsa: Rabe Yakuba, shekara ashirin da takwas. Ya rufe ido gam da aka soka masa, mutumin da ke ganin abin da ya fi haka kullum. Wannan ce dariyata ta farko tun rasuwar.

Lambata a wurin majo ya samu, wai don aiki. Saƙonsa na farko kalma biyu ne: "Yau shida." Na gane nufinsa, kira shida. Bayan kwana kaɗan, "Yau huɗu." Sai "Yau biyu, kuma ɗaya naƙuda ce, ba ciwon ba." Kullum da yamma in na gama tatsa sai in hau tudun bayan garke, in zauna rana tana faɗuwa a bayan gawuna, in jira wayar ta yi motsi. Ni da ke ƙin jin ƙarar motar nan, sai ga shi ina sanin lafiyar ƙasarmu daga bakin shofer ɗinta. Ranar da ruwan farko ya sauka ya rubuto: "Yau ba ko ɗaya. Na wanke mota sau biyu. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba." Na karanta saƙon nan ya fi sau ashirin, ƙamshin ƙasa yana tashi, ina jin wani abu yana kwancewa a ƙirjina wanda ban san a ɗaure yake ba.

Kada in ja ku da nisa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, saƙonnin suka daina zama ƙidaya suka koma hira. Kafin zafin bana ya kama aka sake zagayawa da allura don waɗanda aka tsallake. Da bazara ta shigo kowa ya kasa kunne, tsofaffi suna cewa ciwon nan yakan dawo. Muka jira. Sati ya wuce, wata ya wuce. Hanyar Dungas ta yi tsit, sai kabu-kabu da amalanke da jakunan masu itace. In motar ta fita a sati sau biyu ko uku ne, mai naƙuda, ko wanda maciji ya sara, ko wanda babur ya kayar, kuma kafin awa ɗaya tana ƙofar gida. Yara suka koma bin ta da gudu.

Rabe ya yi kumatu. Idanunsa suka yi fari, ashe ma manya ne. A gefen rumfar da yake ajiye motar ya shuka yakuwa da kuɓewa yana ba su ruwan wankin mota. Wata kurciya ta yi sheƙa a saman rumfar, daidai kan fitilar jiniya, ya ce in zai fita sai ya ba ta haƙuri. Ran kasuwar Dungas in na raka Inna da ƙwaryar nono, sai in ce zan kai wa majo takardu, kuma da gaske nakan kai. Akwai wata atamfata mai ruwan ganyen mangwaro da zanen tsuntsaye farare, ɗinkin riga da zane, da mayafi ruwan madara mai 'yan duwatsu a baki. Ita nake sawa, in shafa ɗan turaren da goggona ta aiko mini daga Kano, in zizara kwalli. Mu zauna a bencin gindin bedi, wato dogon yaro, shi a wancan ƙarshen ni a wannan, ma'aikata suna kai da kawo. Ya sayo mini kankana ya yanka da 'yar wuƙarsa. Iska ta kaɗa, furen bedi ya zubo a kan farar motar, shi yana kallon ƙasa ni ina kallon hannuwansa, sai in ji kamar duk duniya an ba ta hutu.

Wata biyu da suka wuce ya turo kawunsa wurin Baffa. Ina ɗaki ina leƙe ta ramin asabari. Baffa ya karɓe shi da mutunci, aka kawo fura, aka yi gaisuwa mai tsawo. Da kawun ya faɗi abin da ya kawo shi, Baffa ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce ya bincika, bai ji aibin yaron ba, mai salla ne, ba ya shaye-shaye. Ya ce ya san ajali ba a hannun shofer yake ba. Amma shi ba zai iya ganin motar nan tana tsayawa a ƙofarsa da sunan surukuta ba. In yaron ya bar ta ya kama wata sana'a, ya ba shi.

Ta Inna ta fi wuya, don ita ba ta kafa sharaɗi ba. Kullum da safe muna daka take yi mini tata maganar, a hankali, ba faɗa. Ta ce ita duk ran da ta ga fuskar yaron nan la'asar ɗin nan take gani. Ta ce ta yaya za ta zuba masa tuwo a kwanon Yunusa. Na ce mata ba shi ya kawo ciwon ba, ta ce ta sani, amma ita ba da sani take kwana ba, da zuciya take kwana. Daga nan sai ta gyara mini ɗankwali ta ce ni kaɗai ta rage mata. Ku gaya mini, da me ake amsa wannan?

Ana cikin haka takarda ta zo daga furoje. Rabe ya ɗauki hotonta ya turo mini, na hau tudu na buɗe. Sun ce sun duba fitar motar ta shekara guda, kira ya ragu ƙwarai a yankin Dungas tun bayan rigakafi, kuma asibitin gwamnati ya sami tasa motar da za ta wadatar. Don haka za su mayar da tasu arewa, wajen Tanut, inda ƙauyuka ke nesa da juna kuma babu ko ɗaya. Shofer in yana so ya bi ta, in ba ya so ya miƙa makulli. Na zauna ina kallon takardar. Ni na rubuta katunan nan ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya yi kanta, ashe da hannuna nake rubuta masa takardar tashi.

Ban sauko daga tudun ba saƙon muryarsa ya shigo, yana dariya. Wai in kwantar da hankalina, abin ya zo daidai. Wani ɗan kasuwa a Magarya, Alhaji Modu, yana neman shofer mai kai masa kaya Kano ya dawo, kuma ya riga ya yi masa magana. Ran Litinin zai miƙa makulli, Baffa ya cika alkawari, shi ke nan.

Kwana uku na yi ina yawo a cikin mafarki ido biyu. Ina tankaɗe ina ganin ɗakina a Magarya, bango ruwan sararin sama, labule mai furanni, fanka tana juyawa a sama. Ina ganin kaina na yi kwalliya da la'asar ina jiran ƙarar mota, motar kaya wadda ba mai tsoronta, ya shigo da ledar lemo da sabon yadi daga Kantin Kwari. Har sunan 'yarmu ta fari na zaɓa, ba zan faɗa muku ba, kunya nake ji. Inna ta kama ni ina murmushi ga turmi, ta kalle ni ta kawar da kai.

Ran Alhamis na kai wa majo takardun awon jarirai. Ina miƙa masa waya ta yi ƙara: wata mata, Mariama, a wani ƙauye bayan Dogo-Dogo, tun jiya take naƙuda, jini ya ɓalle. Ungozomar asibiti tana kan wata haihuwar. Majo ya dube ni ya ce in bi ma'aikacin jinya, matar za ta so ganin mace a kusa. Ban shiga motar nan ba tun ranar Yunusa. Na tsaya a bakin ƙofar baya ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Rabe ya riƙe ƙofar kawai yana jira. Na yi bisimilla na hau.

Ban taɓa ganinsa a bakin aiki da idon da ke gani ba sai ranar. Ya san kowane kwari, ya san inda yashi ke cin taya, ya san gonar da za a ratsa ta gefenta ba a taka shuka ba. Kafin mijin matar ya gama safa da marwa a bakin hanya mun iso. Muka ɗauke ta. Ta riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata, ina yi mata addu'a a kunne, jiniya tana kuka a kanmu. Muka wuce ta ƙofar gidanmu, na hango dangarmu ta gilashi kamar gidan wasu. Muka wuce wurin da aka juya da mu bara. Ban rufe ido ba. A Magarya aka shiga da ita ɗakin fiɗa da gudu, muka zauna a baranda. Bayan kamar awa ɗaya wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce namiji ne, uwar ma tana nan. Mijin ya durƙusa a ƙasa yana kuka yana neman hannun Rabe, shi kuwa yana ta ja da baya yana cewa ba shi ba ne, Allah ne.

A hanyar dawowa ma'aikacin ya ce in zauna gaba, shi zai miƙe ƙafa a baya. Hadari ya haɗu a gabas, gero ya fara rufe ƙasa, ko'ina kore shar. Rabe yana tuƙi a hankali, fuskarsa tana wani haske da ban taɓa gani ba ko a bencin gindin bedi. Can ya ce wani abokinsa da ke aiki a arewa ya gaya masa a can a kan raƙumi ake ɗauko mai naƙuda, kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Sai ya ce amma wannan ba ruwansa yanzu, ya yi 'yar dariya. Na kalli hannunsa a kan sitiyari, ya damƙe shi har jijiyoyin sun fito.

"Rabe, kana son aikin Alhaji Modu?"

"Ina son ki," ya ce.

"Ba ita na tambaya ba."

Ya ci gaba da tuƙi har ya sauke ni nesa da gida kaɗan, inda Baffa ba zai gani ba.

Ranar Juma'a ban hau tudu ba. Saƙonninsa uku suka shigo da rezo ya waiwayo, ban buɗe ba. Na yi ta ƙoƙarin komawa ɗakina mai shuɗin bango, amma duk lokacin da na shiga sai in tarar da wani mutum zaune a ciki, ya dawo daga kai buhunan kaya, yana da ladabi, yana da fara'a, idanunsa kuwa a kashe. Na san zai yi shekara talatin bai taɓa yi mini gori ba. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Jiya Asabar bayan la'asar Baffa yana zaune a gindin rumbu yana tufkar igiya. Inna tana ɗaki tana gyaran ƙwarya. Na sa hijabina na sallah, na kawo masa ruwa a moɗa, na durƙusa gefe. Ya sha ya ajiye, ya ga ban tashi ba, ya ce in faɗi abin da ke bakina.

Na gaya masa duka. Takardar furoje, aikin Alhaji Modu, makullin da za a miƙa jibi, da Mariama da ɗanta. Na ce masa ranar da na tsaya a ƙofar nan tun hantsi, ba shofer nake jin haushi ba, roƙon Allah nake ya sa akwai wata motar. Na ce yanzu mu an yi mana allura mun huta, amma akwai inda har yau ake tsayuwar da na yi.

"Wani zai tuƙa ta," Baffa ya ce, bai daina tufka ba.

"Wani zai tuƙa, Baffa. Amma ni na ga yadda shi yake tuƙawa. Ba na son a ce saboda ni ya ajiye."

"To me kike so?"

"In ka ba shi, ka ba shi da motarsa, in bi shi can. In ba ka ba shi ba, zan ce masa ya tafi, ni in zauna. Ba zan saɓa maka ba. Amma ba zan karɓe shi a haka ba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Da ta fita sai na tuna ko Rabe ban shawarta ba, kuma na san abin da na ɗora a faifai. A ɗaki ƙarar ƙwarya ta tsaya.

Baffa ya ajiye igiyar a cinyarsa. Ya daɗe yana kallon garke, shanu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, maruƙa suna kuka. Na ga leɓensa yana motsi, yana lanƙwasa yatsu. Na ɗauka tasbihi yake yi. Can ya tambaye ni sunan garin da za a kai motar, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san rijiyar wurin, ya shayar a can yana saurayi, ruwanta da ɗan gishiri.

"Kwana goma sha biyar ne da shanu," ya ce, "in akwai ruwa a hanya."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ni kuwa na kasa tashi, na kasa tambayarsa ko nufinsa ya yarda, har yana lissafin zuwa wurinmu can. Wayata tana cikin hijabi da saƙo uku da ban buɗe ba.

Sai asabarin ɗaki ya ɗaga. Inna ta fito da ƙwarya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kalle ni ba, Baffa take kallo, kuma ban taɓa jin muryarta a kwance haka ba.

"Malam, kun gama lissafin hanya? To ni ba a tambaye ni ba."